Saka manhajar rubutu a tsohuwar kwamfutar Amiga da saita ta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo tsakanin masu riƙe da kwamfutocin Amiga na kamfanin Commodore, musamman A500, A600 da A1200, waɗanda ke son yin rubutu a kansu ko gyara fayilolin saiti. An fara da na sabon shiga, aka gangaro zuwa na wanda hannunsa ya ɗan faɗa.

Mece ce manhajar rubutu, kuma me ya raba ta da irin su Wordworth ko Final Writer?

Manhajar rubutu haruffa zalla take ajiyewa. Babu kaurin harafi, babu girman shafi, babu wata ɓoyayyiyar alama a cikin fayil. Wordworth, Final Writer da ProWrite kuwa na tsara wasiƙa da rahoto ne, suna cusa bayanan ado a tsakanin kalmomi. Wannan bambanci yana da nauyi a Amiga, domin na'urar tana tashi ne ta hanyar karanta wani fayil na rubutu zalla mai suna Startup-Sequence da ke cikin foldar S. Idan ka buɗe shi da manhajar tsara wasiƙa ka ajiye a tsarinta, gobe na'urar ba za ta gane layi ko ɗaya ba.

Dole ne sai na nemo wata daga waje? Na'urar ba ta zo da tata ba?

Ta zo da har guda uku. Akwai ED a foldar C ta faifan Workbench, wato faifan tsarin aikin Amiga mai tagogi da alamomi, akwai Edit wadda layi-layi take aiki ba ta nuna maka shafi gaba ɗaya, sannan akwai MEmacs a foldar Tools ta faifan Extras. Edit sai mai haƙuri, kuma yawancin mutane ba sa taɓa ta.

ED ce ya wajaba kowa ya iya, ko da ba ita zai riƙa aiki da ita kullum ba, saboda ita kaɗai ce kake da tabbacin samu ranar da komai ya rikice. Ka buɗe Shell, tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta `ed s:startup-sequence`. Umarnanta ana ba da su ne bayan an danna Esc, sai tauraro ya fito a ƙasan taga: `x` ya ajiye ya fita, `q` ya fita ba tare da ajiyewa ba, `sa` ya ajiye ka ci gaba da aiki, `f/kalma/` ya nemo kalma, `e/tsohuwa/sabuwa/` ya musanya. Ctrl da B suna goge layi ɗungurungum. Daga Workbench 2.0 an ƙara mata jerin zaɓi na saman allo, wanda ya sauƙaƙa al'amarin sosai. Rauninta shi ne layi ba ya wuce haruffa 255, kuma da ta ga baƙuwar alama a fayil sai ta ce `File contains binary` ta ƙi buɗewa.

MEmacs ta fi ta dacewa da dogon rubutu. Tana buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, Ctrl-X sannan Ctrl-S ke ajiyewa, sauran umarnin duk suna cikin jerin zaɓinta.

Ta yaya zan san abin da na'urata za ta iya ɗauka?

Abu biyu ne ke yanke hukunci: sigar Kickstart, wato ɓangaren tsarin aikin da ke dashe a cikin na'urar, da yawan RAM. Kunna ta babu faifai a ciki. In ka ga farin allo da hoton hannu riƙe da faifai, Kickstart 1.2 ko 1.3 ce, lambar tana rubuce a wurin. In ka ga allo mai launin shunayya da faifai yana shiga rami, 2.0 ce ko sama. A cikin Shell, umarnin `version` zai faɗa maka sigar, `avail` kuma ya nuna RAM ɗin da ya rage.

A500 ta 1987 ta fito da KB 512 kacal, kodayake yawancin waɗanda ake samu yanzu an ƙara musu wani KB 512 a ƙofar da ke ƙarƙashinsu. A600 tana da MB 1, A1200 kuma MB 2 da injin 68EC020, dukkansu biyu na 1992 ne. Kada ka sauke komai kafin ka san waɗannan lambobi. Da yawa daga cikin koke-koken da ake yi cewa manhaja ta ƙi tashi, manhajar Kickstart 2.04 ce aka ɗora wa na'ura mai 1.3.

To wacce zan zaɓa?

In rubutu kake so ka yi da daɗin hannu, CygnusEd. Bruce Dawson ne ya rubuta ta, ta fito a 1987, kuma har yau masu Amiga na yaba yadda shafi ke gangarawa sumul a cikinta ko a kan A500. Ta kuɗi ce, ba kyauta ba. GoldED ta Dietmar Eilert daga Jamus ta fi dacewa da masu rubuta manhaja, amma tana son Kickstart sabuwa da RAM mai yawa da babban faifai, don haka kada mai A500 mai flofi ɗaya ya wahalar da kansa. DME ta Matt Dillon ƙarama ce, kyauta ce, kuma kowane madanni kana iya ba shi aikin da ka ga dama. Wanda ya ɗora AmigaOS 3.2 ta 2021 ya riga ya sami TextEdit a ciki.

Sai Vim. Mutane da yawa da ke amfani da ita a Linux ba su san a kan Amiga aka haife ta ba. Marigayi Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya gina ta a kan wata manhaja mai suna Stevie ta kwamfutar Atari ST, aka fara rarraba ta a 1991 a faifai na 591 cikin jerin faya-fayan manhajojin kyauta da Fred Fish ke rarrabawa. Idan yatsunka sun riga sun saba da ita, ba ka da dalilin koyon wata. Idan ba su saba ba, ra'ayina kada ka haɗa wa kanka koyon Amiga da koyon Vim a lokaci ɗaya. Yadda ake saita ta yana cikin amsar da aka keɓe mata a ƙasa.

Ina ake samun waɗannan manhajoji yanzu?

A Aminet, rumbun manhajojin Amiga da ke intanet tun 1992 kuma bai daina aiki ba. Manhajojin rubutu suna sashen `text/edit`, na warware ƙunshi kuma a `util/arc`. Kowane ƙunshi yana tare da ɗan fayil mai ƙarewa da `.readme`, a nan marubucin ke faɗar Kickstart da injin da ake bukata. Ka karanta shi tukuna. Wasu ƙunsoshin suna da siga biyu, ɗaya ta injin 68000 da A500 da A600 suka zo da shi, ɗaya ta 68020 irin na A1200, kuma ta biyun faɗuwa za ta yi nan take a kan A500 ko A600 da ba a ƙara wa inji ba.

Na sauke fayil a kwamfutata ta yau. Yaya zan kai shi cikin Amiga?

Nan ne aikin yake, ba a saka manhajar ba. Amiga tana rubuta flofinta a tsarin KB 880, wanda na'urar flofi ta PC ba ta iya karantawa balle rubutawa, har da masu shiga ta USB. Amma ita Amiga tana iya karanta na PC mai KB 720, in tana da CrossDOS, wanda aka fara haɗawa da Workbench tun 2.1. Ka ɗauko alamar PC0 daga `Storage/DOSDrivers` ka jefa a `Devs/DOSDrivers`, ka sake tada na'urar, sai faifan PC ya bayyana da sunan `PC0:`. Sunayen fayiloli za su guntule zuwa haruffa 8 da 3, amma wannan ba ya cutar da ƙunshin LhA, wato matsattsen fayil irin zip da manhajojin Aminet ke zuwa a ciki.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce Gotek, wata 'yar na'ura da ake sawa a madadin flofi, a ɗora mata FlashFloppy, ta riƙa karanta hotunan faifai masu ƙarewa da `.adf` daga filashi. Masu A600 da A1200 suna da gata fiye da haka: akwai ramin PCMCIA a gefen hagu, wanda da adafta da katin CF da direbobin da suka dace za ka riƙa ɗauke fayil kamar yadda ake yi da filashi. Wanda ke son rubuta flofi na gaske daga PC sai ya nemi Greaseweazle. Akwai kuma tsohuwar hanya ta wayar da ke haɗa ramin siriyal na kwamfutocin biyu, tana da jinkiri amma ga fayil ɗin rubutu ta isa.

Wani abu game da faya-fayan kansu: waɗanda suka rage a shagunan tsofaffin kayan kwamfuta galibi masu MB 1.44 ne, masu rami biyu. Ana liƙe rami na biyun da salatif a yi amfani da su, kuma yana yi, amma ba abin dogara ba ne ga aikin da ba ka son rasawa.

Me ya sa ake cewa kada a warware ƙunshin LhA a Windows?

Domin kowane fayil a Amiga yana da alamomin izini da Windows bai san da su ba. Alamar `e` ke nuna fayil manhaja ce da za a iya tayarwa, `s` ke nuna jerin umarni ne, `p` kuma cewa zai iya zama daram a RAM. Ƙunshin LhA yana riƙe da su. Ka warware a Windows ka kwafo, suna iya salwanta, sai ka rubuta sunan manhaja Shell ya amsa maka da `file is not executable`. Ka kai ƙunshin yadda yake, ka warware a can da `lha x suna.lha ram:`, inda `ram:` faifai ne na wucin gadi da ke cikin RAM. In ba ka da LhA ɗin kanta, Aminet na da `lha.run` wadda ke warware kanta, sai ka kwafa ta zuwa `c:`, wato foldar C.

In aikin gama ya riga ya gama, `list` zai nuna maka alamomin kowane fayil, `protect suna +e` kuma ya mayar da wadda ta ɓata. Kuma kada ka goge fayilolin da ke ƙarewa da `.info` wai shara ce. Su ne hotunan da kake dannawa a Workbench, kuma a sigar 1.3 duk fayil ɗin da ba shi da `.info` ba ya bayyana a taga sam, sai ta Shell.

Ba ni da babban faifai, flofi ɗaya kawai. Zan iya?

Za ka iya, da sharaɗin ka haɗa faifan aiki naka na kanka. Da farko ka tura ɗan makullin kusurwar faifan Workbench na asali har ramin ya buɗe, wato ka hana rubutu a kansa, sannan ka kwafe shi da DiskCopy ka ajiye na asalin a inda ƙura da zafi ba sa kaiwa. A kan kwafin za ka yi aiki. Faifan a cike yake maƙil, don haka sai ka rage kaya: agogo, kalkuleta, manhajar magana da nau'o'in haruffan da ba ka bukata duk suna iya tafiya. Abin da ba a taɓawa shi ne foldojin C, L, Libs, Devs da S, sai wanda ya san abin da kowane fayil ke yi. Gurbin da ka samu ka zuba manhajar rubutunka a C.

Abin da ke gajiyar da mai flofi ɗaya shi ne cire wannan sa wancan. Ka sa faifan rubutunka, ka ba da umarni, na'ura ta ce a dawo mata da Workbench, ka dawo da shi, ta ce a kawo ɗayan. Maganinsa a kwafi umarnan da aka fi amfani da su zuwa RAM tun wajen tashi: `makedir ram:c`, sai `copy c:dir ram:c` da makamantansa irin su `list`, `copy` da `ed`, sannan `path ram:c add`. Wannan yana cin RAM, shi ya sa a kan KB 512 ƙaramar manhaja irin DME ko MEmacs ta fi babba amfani.

Ina da babban faifai ko katin CF. Wane mataki zan bi?

Manyan manhajoji suna zuwa da alamar sakawa da za ka danna sau biyu ta yi maka tambayoyi. Tana dogara da wata manhajar Commodore mai suna Installer, in ta yi ƙorafin ba ta gan ta ba, ka ɗauko ta daga faifan Install na Workbench ka sa a C. Ƙananan kuwa da hannu ake yi: ka buɗe folda, misali `Work:Rubutu`, ka kwafe kayan ciki, in akwai fayil mai ƙarewa da `.library` ka kai shi `libs:`.

Saura ka sanar da na'urar inda kayan suke. Daga Workbench 2.0 ba a taɓa Startup-Sequence don wannan, akwai `s:user-startup` da aka tanada domin ƙarin mai na'ura, kuma ana karanta shi duk tashi. A ciki za ka sa layi irin `path Work:Rubutu add` domin ka iya kiran manhajar daga ko'ina, da kowane `assign`, wato umarnin ba folda laƙabi, da takardar manhajar ta ce a yi. Mai 1.3 ba shi da wannan fayil, dole ya gyara Startup-Sequence ɗin kanta, ya sa layukansa sama da `LoadWB`. Kafin ka taɓa ko wanne, ka yi `copy s:startup-sequence s:startup.tsoho`. Amfanin wannan kwafi yana cikin amsar na'urar da ta ƙi tashi.

Yaya ake saita Vim a Amiga?

Sai ka koma tsofaffin sigogi, domin an daɗe da daina kula da ɓangaren Amiga a sababbin. Siga ta 3.0 ta 1994 mara nauyi ce. Ta 5.0 ta 1998 ce ta kawo rina kalmomi da launi, abin sha'awa a A1200 mai ƙarin RAM, abin takaici a 68000 inda za ka ga shafi na jan ƙafa. Bayan ka kwafe manhajar zuwa C, ka sa `assign VIM: Work:vim` a User-Startup, wato foldar da `doc` ke ciki, in ba haka ba umarnin `:help` ba zai sami komai ba. Mai Kickstart 1.3 yana bukatar `arp.library` a `libs:`.

Fayil ɗin saiti shi ne `s:.vimrc`. Layuka kaɗan sun wadatar: `set nocompatible`, `set ruler` don ganin lambar layi, `set textwidth=72` don layi ya riƙa karyewa da kansa, `set backup` don a bar maka kwafin baya. Abin da ya fi bukatar tunani shi ne fayil ɗin ceto da Vim ke rubutawa a ɓoye yayin da kake aiki. A kan flofi zai sa faifan ya yi ta ƙara yana tsayar da kai, shi ya sa wasu ke kashe shi da `set updatecount=0`. Wasu kuma sai su tura shi `ram:`, wanda bai da wata fa'ida ko kaɗan, tunda abin da zai kashe aikinka shi zai share abin da ke `ram:` ɗin. In kana da babban faifai ka bar shi a can, kuma bayan faɗuwa `vim -r suna` zai dawo maka da abin da aka ceto.

Ina so in danna fayil ya buɗe da manhajata, ba wata ba.

Wuri biyu ake gyarawa. Na farko a alamar fayil ɗin: danna ta sau ɗaya, ka zaɓi Information a jerin zaɓi, ka sauya abin da ke gurbin Default Tool zuwa cikakkiyar hanyar manhajarka. Na biyu domin sauran manhajoji ne da ke kiran manhajar rubutu in sun bukata: `setenv EDITOR c:vim`, sannan `copy env:EDITOR envarc:`. Layi na biyun ne mutane ke mantawa. `ENV:` a RAM yake, yana gushewa da an kashe na'ura, `ENVARC:` ne ke kan faifai.

Masu CygnusEd su lura da abu guda. Tana zuwa da wata 'yar manhaja mai suna Ed da ke miƙa fayil ga CygnusEd ɗin da ke buɗe. In za ka sa ta a C, ka fara sauya wa ED ta asali suna ka adana ta, kada ka rubuta a kanta.

Manhajar tana buɗewa, sai can na'ura ta faɗi da jan akwati mai ƙyaftawa.

Wannan shi ne Guru Meditation, ko Software Failure a sababbin Kickstart. Amiga ba ta da katanga tsakanin manhajoji a RAM, ɗaya ta yi kuskure kowa ya tafi. Ga manhajojin rubutu, musamman waɗanda aka ɗauko daga Unix, sababin da ya fi yawa shi ne ƙarancin wurin aiki da ake kira stack, wanda Shell ke bayarwa kimanin bayit 4,000 kawai. Rubuta `stack 30000` kafin ka kira manhajar, in matsalar ta kau sai ka sa layin a `s:shell-startup`. In ta alama kake buɗe ta, akwai gurbin Stack a tagar Information. Idan lambar da ke cikin akwatin ta ƙare da 3 ko 4, ka fara zargin sigar 68020 ce a kan 68000, kamar yadda aka yi bayani a amsar Aminet.

In faɗuwar ba ta da tsari, yau a wannan manhaja gobe a waccan, to ka buɗe na'urar ka duba. Batirin agogo da ke kan katin ƙarin RAM na A501 da kan allon A500 Plus yana tsiyaya ya cinye layukan tagulla, A600 da A1200 kuma kafasitocinsu ne ke zuba. Babu saitin da zai gyara wannan sai mai gyara.

Na gyara Startup-Sequence, yanzu na'urar ta ƙi tashi.

A Kickstart 3.0 zuwa sama, ka riƙe madannan linzami biyu lokacin kunnawa, allon zaɓi zai fito, ka zaɓi Boot With No Startup-Sequence. Siga ta 2.0 ma tana da irin wannan allo. A 1.3 ka riƙa danna Ctrl da D yayin tashi har jerin umarnin ya katse. Ko ta wace hanya za ka faɗa Shell tsirara, inda babu `path` ɗinka babu `assign` ɗinka, kuma watakila babbar manhajarka ba za ta tashi ba. ED za ta tashi. Ka gyara layin da ita, ko ka mayar da kwafin da ka ajiye da `copy s:startup.tsoho s:startup-sequence`.

Ina ganin wata alama a ƙarshen kowane layi, kuma umarnin da na rubuta daidai ana cewa ba a san shi ba.

A Windows aka rubuta fayil ɗin. Windows na rufe layi da alama biyu, CR da LF, Amiga kuwa LF kaɗai take amfani da ita kamar Linux. Ragowar CR ɗin tana manne wa kalmar ƙarshe, Shell ya ɗauke ta wani ɓangare na umarnin. A Vim ta 5 zuwa sama, `:set fileformat=unix` sannan `:w` sun gama magana. CrossDOS ma yana da zaɓin Text Filtering da ke cire ta wajen kwafa, sai dai ka tabbata ka kashe shi kafin ka kwafi ƙunshin LhA ko manhaja, don zai lalata su.

Zan iya rubuta Hausa da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ?

Kai tsaye, a'a. Amiga tana amfani da jerin haruffa na Latin-1, mai gurbi 256, wanda aka tsara domin harsunan Yammacin Turai, kuma babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya a cikinsa. In ka kawo fayil na zamani mai tsarin UTF-8, kowace ƙ za ta rikiɗe ta zama Æ da wata alama a bayanta, ɗ da ɓ kuma su fito da É. Ko Vim ta 6 da ta san UTF-8 ba za ta fitar da kai ba, tunda tagar Shell ɗin ba ta da hoton harafin da za ta nuna. Abin da ke samuwa shi ne wasula masu alama a ka. A tsarin madannai na Amurka, Alt da G sannan a yana ba da à, Alt da H sannan a yana ba da â, Alt da F kuma na é ne. Wannan ya isa mai sa alamar karin sauti, da mutanen Nijar masu haɗa rubutu da Faransanci.

Dabara ta farko ita ce a zaɓi alamar riƙo. Ka riƙa rubuta k' da d' da b', in ka kai fayil ɗin kwamfutar zamani ka musanya su gaba ɗaya. Haɗarin shi ne Hausa na amfani da wannan alama a kalmomi irin su sa'a da 'ya'ya, don haka ka musanya k', d' da b' kaɗai, ka bar sauran. Dabara ta biyu ta fi kyau a ido amma ta fi aiki: ka ɗauki haruffan Latin-1 da Hausa ba ta bukata, kamar þ, ð da ß, ka buɗe nau'in harafi mai faɗi ɗaya a FED, manhajar zana haruffa da ke faifan Extras na 1.3, ka sake zana su su zama ƙ, ɗ da ɓ, ka ajiye da sabon suna a `fonts:`, ka gudanar da FixFonts. A allonka za ka ga Hausa sak. A cikin fayil kuwa har yanzu þ ce, sai ka musanya bayan ka mayar da shi UTF-8. In daga zamani za ka kai rubutu Amiga, musanyar ce farko, sauya tsarin ya biyo baya, in ba haka ba haruffan za su zama alamar tambaya.

In ka danna @ ka ga ", tsarin madannai ne bai dace ba, galibi na'urar Ingila ce ke aiki da tsarin Amurka. `setmap gb` a 1.3, ko Input cikin Prefs a sababbi.

Rubutun ya yi dishi-dishi a talabijin, idona na ciwo.

Laifin hanyar hoton ne. A520, akwatin da ke haɗa A500 da ramin eriya, an yi shi ne domin wasanni, haruffa 80 a layi ba sa fita da kyau ta cikinsa. Ka nemi wayar RGB zuwa SCART, ko na'urar da ke juya siginar 15 kHz zuwa HDMI, domin yawancin allunan yau ba sa karɓar ta kai tsaye. Ka tsaya a 640 da 256. Tsarin 640 da 512 yana ba da layuka ninki biyu amma yana karkarwa, minti kaɗan kai zai fara sarawa.

Wutarmu ba ta da tabbas. Me zan yi don kada in yi asara?

Ka fara da akwatin wutar na'urar. Wanda ya zo daga Ingila ko Jamus na 220 zuwa 240 ne, ya dace da wutar Najeriya da Nijar. Wanda ya zo daga Amurka na 110 ne, ka sa shi a soket kai tsaye ya ƙone. Bayan haka ƙaramin UPS ya wadatar, tunda Amiga ba ta cin wuta sosai, kuma kada ka haɗa ta da janareta ba tare da wani abu a tsakani ba.

Mafi munin lokacin ɗauke wuta shi ne sa'ad da fitilar faifai ke kunne. Tsarin faifan Amiga na asali yana iya rikicewa, in wuta ta dawo ka tarar yana ta binciken kansa ya hana rubutu har sai ya gama, wani lokacin ma ya kasa. Don haka ko sake tada na'ura za ka yi da Ctrl da madannan Amiga biyu, ka jira fitilar ta mutu, ka ƙara 'yan daƙiƙu. Kada ka yi dogon rubutu a `ram:`. Akwai `rad:` da ke tsira in na'ura ta faɗi ta tashi, amma shi ma ba ya tsira daga ɗauke wuta. Masu CygnusEd suna da RecoverCEDFiles mai lalubo rubutu a RAM bayan Guru, da sharaɗin ba a kashe na'urar ba kuma an gudanar da ita da wuri.

Ƙananan fayiloli suna lafiya a katin CF, amma manya suna lalacewa. Me ke faruwa?

Kusan kullum lambar MaxTransfer ce, wato iyakar bayanan da ake karantawa ko rubutawa a faifai a tashi ɗaya. HDToolBox, abin da ake saita babban faifai da shi, yana sa babbar lamba da tsofaffin faya-fayai ke jurewa amma katunan CF da yawa ba sa jurewa, sai duk fayil ɗin da ya haura kimanin KB 128 ya karantu a gurɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Alamarsa ita ce ED na aiki, rubutunka na buɗewa, amma babbar manhaja na faɗuwa ko LhA na kukan ƙunshi ya lalace. Buɗe HDToolBox, shiga saitin kowane ɓangare na faifan, ka sa `0x1FE00` a gurbin MaxTransfer, ka danna Return kafin ka fita daga gurbin, don in ba ka danna ba lambar ba ta zama. Ka ajiye, ka sake tada na'ura, sannan ka sake kwafo duk abin da ka zuba kafin gyaran. A Kickstart 3.1 da na ƙasa da ita, ka tsayar da duk ɓangarorin cikin GB 4 na farkon katin, kowanne kuma ƙasa da GB 2, ko da katin ya fi haka girma.